Kan shara aka faro, kan "wayewa" aka tsaya

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau na zo ne in amayar da abin da ke cina. An yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa Abuja, ya ce in zaɓa: ko in zauna da yara a Kano ya riƙa zuwa ƙarshen wata, ko mu kama haya a Kaduna ya riƙa hawa jirgin ƙasa daga Rigasa, ko mu tattara mu bi shi gaba ɗaya. Wallahi abin da zai tashe ni daga unguwar nan shara ce. Akwai fili a bayan gidanmu, mai shi ya ƙi ginawa, yau shekara huɗu ke nan ya zama bola. Da rani a banka mata wuta, hayaƙin leda ya cika ɗaki, ƙaramar cikin 'yan biyun ta kwana tana tari. Da damina kuma ruwa ya kwaso kunzugun yara da ledar fiya wata ya jibge min a bakin ƙofa. Yaron da nake ba N200 ya kai min shara, jiya na leƙa ta taga na gan shi yana juye ta a kwatar bayan gidana. Da na je wurin yayata a Gwarimpa, kowane gida da durom ɗinsa mai murfi, mota ta zo ta kwashe. Na ce lallai nan akwai wayewa. Don Allah waɗanda suka zauna a garuruwan nan, ina ne ake kwashe shara a kan kari?

Bakano Na Asali: Hajiya, Allah ya ba yarinya lafiya. Amma wace kalma ce wannan kika jefo mana? Wayewa? Wato mu da muke Kano a duhu muke? Garin da ya gina ganuwa ya kafa Kasuwar Kurmi tun wurin da Abuja take yana daji? Sai 1991 aka mayar da gwamnati can, ƙanwata ma ta girmi wannan ƙaurar.

Ɗan Kaduna: Yallabai, ai tsufan gari ba ya kwashe shara. Ta faɗi abin da idonta ya gani.

Bakano Na Asali: Kai kuma wa ya sa da kai? Ka leƙa bakin kogin Kaduna tukuna kafin ka sa baki.

Ɗan Kaduna: Na leƙa. Kai ma ka leƙa Jakara, sai mu dawo mu yi magana.

Malamin Makaranta: Ku yi haƙuri in ce wani abu kan kalmar. Wayewa daga "waye" take, kamar yadda ake cewa gari ya waye, ko kai ya waye. Haske ke nan ya zo, mutum ya gane abu. Ba zagi ba ce a karan kanta. Sai dai Hajiya ta ɗora ta a inda bai dace ba. Abin da ta gani a Gwarimpa sunansa tsari. Wanda aka ajiye wa durom a ƙofar gida zai zuba a durom, ko bai taɓa shiga aji ba.

Anti Mai Atamfa: A'a Malam, ban yarda ba. Wayewa ce, kuma a faɗa. Matar da za ta share ɗakinta tas, ta turare shi da turaren wuta, sannan ta buɗe ƙofa ta watsa ruwan wanke-wanke da ɓawon albasa a hanyar da mutane ke bi zuwa masallaci, me za ka kira wannan? Tsarin me take jira? Kullum muna cewa tsafta cikon addini, amma tsaftar tamu a soro take tsayawa.

Bakano Na Asali: Yanzu kuma matan Kano aka koma zagi.

Anti Mai Atamfa: Ni 'yar Fagge ce, can aka yanke cibiyata. Ba wanda zai koya min son Kano.

Maman 'Yan Biyu: Jama'a ni fa ba zagin kowa na yi ba. Tambaya na yi, ina ake kwashewa?

Baba Tsohon Duba-gari: 'Yata, bari in amsa miki gwargwadon abin da na sani, don na ci aikin nan har na yi ritaya. Kowane babban gari yana da hukumarsa: a Kano REMASAB, a Abuja AEPB, a Legas LAWMA. Amma kada ki zaɓi gida da sunan hukuma, don a gari ɗaya za ki sami unguwar da mota ke zuwa da wadda ba ta taɓa ganin mota ba. Abu na farko hanya. Motar shara babba ce, ba ta shiga lungun da ko a-daidaita-sahu sai ya yi dabara. Shi ya sa a cikin birni da unguwannin awon igiya dole sai an tara a wuri ɗaya a bakin titi, in tifa ta yi jinkiri kwana uku, tarin ya cinye rabin kwalta. Na biyu, wa ke biya? A Legas an raba unguwanni ga kamfanoni masu zaman kansu, suna kawo wa gida takardar biya kamar ta wuta. A cikin birnin Abuja ma akwai takardar kuɗin shara. Motar da kika gani a Gwarimpa ba sadaka take yi ba, ki tambayi yayarki ta nuna miki takardar. Mu kuwa a nan da yawanmu mun ɗauka aikin gwamnati ne kyauta, mu ba almajiri ɗan canji mu juya baya, ba mu tambayi inda zai kai ba.

Kuma ku matasa ba ku san wani abu ba. A da sharar Kano dukiya ce. Da rani manoman kewayen birni ke shigowa da jakuna da mangala, su kwashe toka da kashin awaki da dattin gida su kai gona a matsayin taki, wani lokaci ma har da ɗan abin goro ga mai gida. Na gani da idona, jakuna a jere suna fita ta ƙofofin gari da hantsi. Leda ce ta ɓata wannan ciniki. Manomi zai so ya zuba takin da rabinsa leda ne da fasassun kwalabe? Kududdufan da ke shanye ruwan damina kuma an cike su da shara an yi gini a kai, ruwan ya rasa wurin zuwa sai ɗakunan mutane.

Bakano Na Asali: Allah ya ƙara girma Baba. Kun ji ko? Tun kafin Turawa su zo da maganar sake sarrafa shara mu muke yi. To su wa suka fi wayewa?

Ɗan Kaduna: Duk bayanin da Baba ya yi, abin da ka tsinta ke nan?

Mazaunin Mararaba: Ni dariya ma kuke ba ni da wannan Abuja da ake ta kurantawa. Ku zo Mararaba da damina ku gani. Hajiya, in albashin maigida bai kai na hayar cikin gari ba, nan za ku ƙare, kuma bolar da kika gudu za ki tarar ta riga ki zuwa.

Ɗan Kubwa: Malam, Mararaba ba Abuja ba ce. Ƙaramar hukumar Karu ce, jihar Nasarawa. Kada ka shafa mana kashin kaji.

Mazaunin Mararaba: Da asuba a ina muke aiki? Wa ke share muku ofisoshin? In an zo aiki mu 'yan Abuja ne, in an zo shara mu 'yan Nasarawa ne. Kai ma Kubwar taka a ƙarƙashin Bwari take, ba Maitama ba ce.

Ɗan Kubwa: Amma dai cikin babban birnin tarayya take. Kuma mu a layinmu mun haɗa kuɗi, mai baro yana zuwa duk Talata da Asabar.

Anti Mai Atamfa: Mai baron ina yake kaiwa? Ka taɓa bin sa?

Ɗan Kubwa: Ban taɓa ba. Ni dai na san ƙofar gidana fes take. Kuma gara shi da 'yan bolar nan masu sanda da buhu, rabinsu ɓarayi ne. Murfin kwalbati ma ba su bari ba.

Mai Sayen Gwangwan: Ɗan'uwa ka ji tsoron Allah. Rabinsu? Ka ƙirga ne? Shekarata goma sha ɗaya ina sayen ƙarfe da roba da gorar ruwa a hannun yaran nan. Yaro ya fito tun sanyin asuba, ba safar hannu, ba takalmin kirki, ya tona abin da kai ba za ka iya tsayawa kusa da shi ba, ya kawo in auna in biya shi ya ci abinci. Akwai ɓata-gari a cikinsu, ban musa ba, kamar kowace sana'a. Amma da ba su, robar da ke toshe muku kwata ta ninka haka. Ka janye kalmar nan.

Ɗan Kubwa: Ba zan janye ba. An sace min injin ruwa da rana tsaka.

Mai Sayen Gwangwan: Ka ga wanda ya ɗauka?

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan ma ledar ce ta dame mu. An yi dokar hana ta tun 2014, amma ka fita bayan gari ka ga baƙar leda maƙale a kan ƙaya kamar hankaki sun sauka. Tumaki na ci suna mutuwa, mahauta na fiddo ta dunƙule daga tumbi. Ruwanda ta hana leda a 2008, kuma su dokar ta kama. In ana zancen wayewa, to a kalli Kigali.

Bakano Na Asali: Aikin gayyar da Kigali ke yi ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, mu ma muna yi a Kano, daga bakwai zuwa goma na safe ba fita.

Anti Mai Atamfa: Muna yi, ko muna barci? Ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da riƙe shebur ranar tsaftar muhalli? A layinmu mutum uku ne ke fitowa su yashe kwata, su tara a gefen titi, in ba a zo an kwashe ba ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi.

Baba Tsohon Duba-gari: Wannan gaskiya ne. Tun zamanin Buhari da Idiagbon aka ɗora mutane a kan sharar wata-wata, lokacin kuwa tsoro ne ke fito da kowa. Legas ta soke tata a 2016. Yasar kwata ba tare da motar da za ta ɗauke ba wahalar banza ce.

Shugaban Zaure: To jama'a, abin ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. An taru a kan cewa kalmar wayewa ba ta dace ba, kuma zai yi kyau Hajiya ta janye ta. Baba ya tabbatar mana Kano na da tsarinta na kwasar shara tun kaka da kakanni, leda ce baƙuwar da ta ɓata shi. An kuma ji daga bakin mazauna can cewa tsaftar Abuja ta masu kuɗi ce kawai. Kaduna kuwa ba wanda ya kawo wata hujja a kanta. Shawarata Hajiya ta zauna a garinta kusa da danginta, ta kai ƙarar mai filin wurin mai unguwa.

Ɗan Kaduna: Ranka ya daɗe, su wa suka taru? Ni ban taru ba, Anti ma ba ta taru ba. Kuma yaushe aka bar ni na kawo hujjar? Da na buɗe baki aka tura ni bakin kogi.

Anti Mai Atamfa: Kada ki janye komai, ƙanwata.

Maman 'Yan Biyu: Mai unguwa kam sau biyu maigida yana zuwa, mai filin ba ya ƙasar. Baba, don Allah in mun je duba gidan haya, ko a Kaduna ko a can, me zan tambayi dillali?

Baba Tsohon Duba-gari: Kada ki tambayi dillali, shi la'adarsa yake nema. Ki tambayi matar gidan da ke kusa: wa ke ɗaukar muku shara, ran yaushe, nawa kuke biya, ina yake kaiwa. Ki zagaya bayan gidan da ƙafarki ki ga ko akwai kango ko filin da ba a gina ba. Ki duba ko mota babba za ta iya juyawa a layin. In da hali ki je washegarin ruwan sama ki leƙa kwatar.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Baba, Allah ya saka. Ranar Asabar za mu shiga Kaduna mu fara dubawa.

Bakano Na Asali: Allah ya kiyaye hanya, Hajiya. Amma har yanzu ba ki janye kalmar ba.