Layin tayil ya yi baƙi

Uwargida: Salamu alaikum. Farin simintin da ke tsakanin tayil ɗin falo ya dafe, mopin ya ƙi fitar da shi. Ina mafita?

Mai Tayil: Hajiya, ki kwaɓa bekin soda cokali 3 da ruwa cokali 1, ki shafa. Bayan minti 10 ki dirje da tsohon buroshin haƙori. Ban da asid, cinye simintin yake yi. Kada kuma ki haɗa Hypo da Harpic, iskar guba suke fitarwa.

Baba Magini: In simintin ya farfashe, a ƙwaƙule zurfin milimita 3 a cika sabo, da sassafe. Zafin Sakkwato kan busar da shi kafin ya kama, sai ya tsattsage.

Mai Tayil: Gaskiya ne Baba. Bayan kwana 3 a shafa sila, wato ruwan maganin da ke rufe fuskar siminti, ita ke tare ƙurar hunturu.