Shin kuɗin lada na sa'o'i 36 yana amfanar tsohon da ya karye a kwatangwalo?

Likitan ƙashi: Salamu alaikum. Tun Afrilun 2010 Ingila ke ƙara wa asibiti kuɗi idan ya yi wa ɗan shekara 60 zuwa sama tiyatar karayar kwatangwalo cikin sa'o'i 36 da isowarsa, kuma likitan tsofaffi ya duba shi cikin sa'o'i 72. Sharaɗi ɗaya ya faɗi, ladan ya tafi gaba ɗaya. Ni na ce wannan tsari daidai ne. Tsoho mai rauni idan ya daɗe a kwance, gyambon kwanciya, ciwon huhu da daskarewar jini a jijiyar ƙafa ne ke jiransa.

Likitar sa barci: Wa alaikumus salam. Likita, agogo bai san majinyaci ba. Akwai dalilan da dole a dakata: ƙarfin jini (haemoglobin) ƙasa da giram 8, sinadarin fotashiyam ƙasa da 2.8 ko sama da 6, sodiyam ƙasa da 120, bugun zuciya ya haura 120 a minti ɗaya ba a daidaita shi ba. Mai shan warfarin (maganin hana daskarewar jini) kuma sai an ba shi bitamin K, an ga INR (gwajin saurin daskarewar jini) ya sauka wajen 1.5 kafin allurar kashe jiki ta baya. Tsorona a kai mutum tebur ba a gyara waɗannan ba don kada kuɗi su kuɓuce.

Likitan ƙashi: Ranki ya daɗe, yawancin abin da kika lissafa ana gyara shi cikin yini guda in an fara tun daga ɗakin gaggawa. Jinkirin da ya fi yawa na rashin gurbi ne a ɗakin tiyata.

Likitar tsofaffi: Ku biyun kuna kan agogo, ni damuwata abin da ake aunawa. Ma'aunin Rockwood na raunin tsufa yana daga 1 zuwa 9, ana kuma auna shi da yadda mutum yake makonni biyu kafin ya faɗi. Mai maki 3 yana tafiyarsa kasuwa, mai maki 7 sai an yi masa wanka an sa masa riga. Lada iri ɗaya ake biya a kansu, alhali burinsu ya sha bamban. Na farkon yana son ya koma tafiya. Na biyun sau da yawa ana masa aikin ne don a juya shi a gado ba tare da ihu ba, kuma wannan ma dalili ne mai ƙarfi. Amma an zauna da shi da 'ya'yansa an tambayi me yake so? Ba wanda ke biyan ladan wannan zaman, kuma shi ne ya fi cin lokaci.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, na yarda, sai dai a yi wa tsarin adalci. An ƙara masa gwajin ruɗewa na 4AT da duba abinci. Ruɗewa bayan tiyata tana yawan zuwa ne daga abubuwan da ke hannunmu: azumin da ya wuce kima (ruwa zalla ana iya sha har sa'o'i 2 kafin aiki), robar fitsari da aka manta, rashin bahaya, tabarau da na'urar ji da aka bari a gida. Allurar kashe zafi a matsematsi tun da wuri tana rage buƙatar mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi.

Likitan gashin ƙashi: Sharaɗin ya ce mu duba majinyaci ranar aiki ko washegari. Dubawa daban, tayar da shi tsaye daban. Da ni ake tambaya, a ɗaura ladan a kan wanda ya koma gidansa yana takawa bayan kwana 120.

Likitar sa barci: Malam, in aka yi haka, asibitin da ya fi karɓar masu maki 7 da 8 shi zai yi asara. Sai an fara daidaita lissafin da raunin majinyatan kowane asibiti.