Batirin da iska ta caja zai iya riƙe hobakraf ɗina?

Mai Hobakraf:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan ina haɗa hobakraf da hannuna, wato jirgin nan da fanka ke cusa wa iska a ƙarƙashi ya ɗaga kaɗan, ya riƙa sulɓi a kan ƙasa ko ruwa. Gindinsa falankin katako ne, tsawo mita 2.4, faɗi mita 1.2, na kewaye shi da siket na tamfol. Fanka biyu na sa, ta ɗagawa da ta turawa, duka na lantarki. Batira biyu ne irin na dalma, kowanne bolt 12, am-awa 100 (yawan wutar da yake iya adanawa ke nan). Da ni da kayan duka mun kai kilo 150.

Ranar da na fara kunna shi ba zan manta ba. Tamfol ɗin ya kumbura a hankali, ƙura ta feso ta kowane gefe, ɗana ya sa yatsa ɗaya ya tura shi, sai ga shi yana tafiya. Amma da na hau na kunna fanka ta biyu, ko minti ashirin ba a yi ba ƙarar ta fara sanyi, ya zauna a ƙasa.

Burina kada wutar layi ta taɓa shiga batiran nan, iska kawai nake so ta caja su. Na sayi ƙaramin injin iska, irin wanda iska ke juya farfelarsa ya samar da wuta, an rubuta wat 400 a jikinsa, faɗin farfelarsa mita 1.2. Kwana uku yana kan rufi, batiran ba su cika ba. Shi ne nake tunanin ɗora shi a kan jirgin, tunda in ina gudu iska za ta buge shi sosai, ya riƙa caji muna tafe. Zai yiwu?

Malamin Fiziks:

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, ƙanina, amma kada ka ɗora shi. Iskar da kake ji in kana gudu batirinka ne ya samar da ita. Farfelar za ta ja jirgin baya, kuma wutar da za ka ƙona kafin ka rinjayi wannan jan ta fi wadda za ta dawo maka, ko yaya ka gyara ta. Ga kuma ƙarin nauyi.

Shi kuwa wat 400 da aka rubuta, galibi sai iska ta kai wajen mita 12 a daƙiƙa ake samunsa, kuma irin wannan iskar ba kullum ba ce. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta sau takwas yake ninkawa, haka ma in ya ragu. A mita 5 a daƙiƙa, duk ƙarfin da ke ratsa farfelarka bai wuce wat 87 ba. Masanin fiziks Albert Betz ya nuna babu farfelar da za ta kwashe fiye da kashi 59 cikin ɗari, ƙananan injuna kuwa kusan kashi 30 suke samu. Ka ga wat 26 ke nan. Ko da iskar ta kwana ta wuni a haka, wat-awa 600 da ɗoriya za ka tara (wato wat 26 sau awa 24), rabin abin da tafiyarka ta minti ashirin ta cinye. Sannan rufin gida wuri ne mara kyau, iska tana hargitsewa a kansa. Kafa shi kan dogon ƙarfe a fili, sama da bishiyoyi.

Mai Gyaran Batir:

Malam ya gama magana kan iska, bari in taɓa batir. A takarda kana da wat-awa 2,400 (bolt 12 sau am-awa 100, sau batir biyu), amma batirin dalma rabinsa ake ci in ana so ya yi ƙarko, kuma in ka zuƙe shi da ƙarfi kamar yadda fankokinka ke yi, abin da zai bayar ya ƙara raguwa. Kilo sittin kake ɗauka don ɗan wannan. Na litiyam, irin LiFePO4, bai kai rabin nauyin ba, kuma yana jure zuƙa. Ka sa na litiyam a jirgin, ka bar na dalmar a gindin injin iska su zama rumbun tara wutar da za ka riƙa caja shi da ita.

Abu ɗaya nake roƙonka, ɗan'uwa: kada ka cire batir ka bar farfela tana juyi ba abin da ke cin wutarta. Na taɓa yin haka da daddare, iska ta taso, na ji tana kuka kamar za ta tashi, da safe na tsinci fiffike ɗaya a nesa. Nemi kwantirola, wato na'urar daidaita caji, mai karkatar da rarar wuta zuwa hita, ko mai birki. Ka sa fis dab da batir, ka rufe fankoki da raga, tunda ka ce yaro na zuwa wajen.

Mai Hobakraf:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Raga yau zan sa ta. Gaskiya na ji nauyin maganar Malam, don na daɗe da wannan tunanin a raina, amma lissafin a fili yake. Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne Christopher Cockerell, wanda ya ƙirƙiro hobakraf na zamani, shi ma da gwangwani biyu da abin hura iska ya fara, kafin jirginsa SR.N1 ya haye teku daga Faransa zuwa Ingila a 1959. To Malam, ta ina zan rage cin wutar?

Malamin Fiziks:

Ta siket. Da nauyinka da faɗin falankin, iskar da ke ƙarƙashinka tana fita da gudun kusan mita 29 a daƙiƙa. Kewayen jirgin mita 7.2 ne. In tazarar siket da ƙasa santimita ɗaya ce, fankar ɗagawa kaɗai za ta ci fiye da wat 1,000. Mayar da tazarar rabi, cin ya koma rabi. Kunna shi a kan siminti, ka bi gefen da tafin hannu ka ji inda iska ta fi fita.

Mai Hobakraf:

Na gwada yanzun nan. A kusurwar baya ta hagu, inda ɗinkin ya tattare, yatsuna uku suna shiga. Zan warware wajen in sake yanka shi, sannan in auna minti nawa zai yi da fankar ɗagawa ita kaɗai.