Kukan dabbobi da Turanci, don Allah a taimaka min

Ummi Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah taimako nake nema, bana zan rubuta WAEC, to jiya malamarmu ta dawo mana da insha'in da muka yi sai na ga ta ja jan biro a ƙarƙashin inda na rubuta "the goat was crying", wai akuya ba ta cry sai dai bleat. Ni dai a sanina kuka kuka ne, akuya ta yi kuka, jaki ya yi kuka, kurciya ma kuka. Sannan a tsofaffin takardun jarrabawa na ci karo da "barking up the wrong tree" na rasa gane kansa. Ya zan yi in riƙe su, kuma me ya haɗa haushin kare da mutum?

Malamin Sakandare:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Malamarki ta yi daidai, amma kar ki ɗauka mu ba mu da irin wannan rabe-raben, muna da shi sosai, sabo ne ya sa muke jibga komai a kan kuka. Kare haushi yake yi, shi ne bark. Zakara cara, crow. Doki haniniya, neigh. Zaki ruri, roar, in kuma gurnani ne daga can cikin maƙogwaro to growl. Ɓera tsuwa, squeak. In kin jera su haka gefe da gefe rabin aikin ya ƙare, sai ki haddace sauran da muke ce wa kuka kawai, jaki bray, akuya da tunkiya bleat, kurciya coo, kwaɗo croak, mujiya hoot.

Batun mutum kuwa, Bature in ya ɗora wa mutum kukan dabba to halin dabbar yake so ki gani. "The officer barked an order" tsawa ce gajeriya ba sakin fuska. "He is crowing about his result" yana ta tinƙaho ne, ki tuna zakara ya hau katanga ya miƙe wuya ya buɗe fiffike kamar shi ya kawo asubar. Bleat kuma mita ce da ƙorafi cikin raunanniyar murya. Wanda kika tambaya daga farauta da karnuka a Amurka ya samo asali, za su koro dabba ta haye bishiya ta tsallake zuwa wata, shi kuma kare ya tsaya yana ta haushi a gindin wadda babu komai a kai. Wato mutum ya ɗora zargi a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ko yana nema a inda babu.

Maman Haidar:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Ni wadda nake so Ummi ta kula da ita ita ce hiss, domin duk mun taso a Najeriya muna fassara tsaki da hiss, har a rubuce haka muke gani. Da na zo Ingila ina ba wata abokiyar aikina labari na ce matar ta yi min hiss ta wuce, sai ta tambaye ni to me ta ce, na ce ba ta ce komai ba, muka tsaya muna kallon juna. Ashe a wurinsu hiss hucin maciji ne, ko na kyanwa in an takura ta, ko iskar da ke fita daga taya, in kuma mutum ne to magana ya yi ƙasa-ƙasa ta tsakanin haƙora cikin fushi. Tsakinmu su "kiss teeth" ko "suck teeth" suke ce masa, kuma a bakin 'yan Jamaika da mu 'yan Afirka ta Yamma suka fi saninsa.

Sai croak, ki yi hattara 'yata, "he croaked" yana iya nufin muryarsa ta dushe, amma a maganar kan titi ya sheƙa lahira kenan, ba a faɗinsa a wajen ta'aziyya sam.

Ɗan Maraɗi:
Mu da muka yi karatu da Faransanci abin da ya fara ba ni mamaki zakara ne, a aji aka ce mana cocorico yake cewa, na Ingila kuma cock-a-doodle-doo, alhali tsuntsun guda ne kunnuwa ne suka bambanta. Wata kuma kullum muna faɗi ba mu lura ba, tweet, ai kukan ƙananan tsuntsaye ne, shi ya sa Twitter da aka buɗe a 2006 take da tambarin tsuntsu har zuwa 2023 da ta koma X.

Ummi Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, duk na kwafe su a bayan littafina, Hausa a hagu Turanci a dama. Mama wallahi ba don kin faɗa ba da hiss zan ci gaba da rubutawa. Malam to "his bark is worse than his bite" fa, kamar a ce kurari ne kawai?

Malamin Sakandare:
Haka ne ƙanwata, mai faɗa da baki amma zuciyarsa ba ta kai nan ba, irin kakan da zai ɗaga sanda yana ta sababi kuma ba ya taɓa saukewa a jikin jika. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.