Wane mamatsi zan fara saya? Masu tsakiyar gilashi ku taimaka

Sabuwar Hannu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata huɗu ke nan ina juya tsakiya, wato duwatsun ado na gilashi, a wuta. Zagayayyun sun fara fita daidai, bakin ramin ma ya daina yanke zare. Yanzu mamatsi nake so, abin nan da ake danna tsakiya mai zafi a cikin gurbinsa ta ɗauki siffa. Na ga na lentil, mai fitar da tsakiya zagayayya mai kaurin ciki da siririn gefe, na ga mai kusurwa huɗu kamar matashin kai, na ga kuma wanda ake riƙewa kamar awartaki. Guda ɗaya kawai zan iya saya yanzu. Gilashina na kamfanin Effetre ne, mai lamba 104 (lambar yadda gilashi ke buɗewa da zafi), tsinken ƙarfen da nake naɗa shi a kai kuma kaurinsa milimita 2.4.

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Lentil na tagulla, mai gindi da ƙusoshin saiti. Milimita 18 ko kusa da haka.

Anti Shuɗi: Lentil ɗin dai, ƙanwata. Amma ki nemi mai gurbi uku a faranti ɗaya. In gilashi ya yi miki yawa a ƙaramin, sai ki ɗan ƙara ki koma matsakaicin gurbin, ba ki yi asarar tsakiyar ba.

Mai Tanderu: Bari na ba ki labarin abin da ya same ni kafin ki fitar da kuɗinki.

Mamatsina na farko irin na awartaki ne, marar ƙusa, na same shi da araha. A hannu yana da kyau. Sai da na danna tsakiyar farko na ga saman da ƙasan ba sa haɗuwa daidai, ɗaya ya zarce ɗaya da kamar kaurin farce. Kowace tsakiya sai ta fito da mataki a gefe. Na yi ta ɗora wa hannuna laifi har kusan sati biyu. Rannan na rufe shi babu komai a ciki, na ɗaga shi saitin taga, haske na shigowa ta gefe guda. To wannan gwajin ki fara yi wa duk wanda za ki saya.

Da na sayi mai ƙusoshi na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu aka fara. Wata ta ba ni aikin sarƙa, lentil goma sha biyar masu girma ɗaya. Na yi sama da arba'in kafin na tsinci goma sha biyar ɗin. Wasu gilashi ya yi yawa, ya tsartu ta gefe ya yi leɓe mai kaifi. Wasu bai isa ba, gefen ya ƙi cika, suka fito kamar an gutsure su. Waɗanda suka fi ƙona min rai su ne guda shida da na danna da ƙarfi har lakar da ake shafa wa tsinke don kada gilashi ya manne ta fashe, gilashi ya kama ƙarfe. Har yau suna nan manne a tsinkensu cikin gwangwani, jiƙo da filaya duk sun kasa.

Abin da na gane a ƙarshe, aikin duk yana wurin shimfiɗar farko. Layin gilashin da kika fara naɗawa a tsinke, ki kai shi kan gurbin ki auna, ya gaza faɗin gurbin da kamar milimita ɗaya ta kowane gefe. In ya zarce, babu gyara. Daga nan ki tara gilashi ya yi ciki a tsakiya ya sirance a baki biyu. Ki fara da kaɗan, ki danna a hankali, ki duba inda bai cika ba, ki ɗiga masa a nan, ki narkar, ki sake dannawa. Ƙari yana da sauƙi, ragi ne wahala. Kuma kada ki kai shi yana zuba kamar ruwa. Ki fitar daga wuta, ki bari jan ya ɗan lafa, sannan ki kwantar da tsinken a kwarinsa ki sauke murfin da nauyin hannu kawai.

Sabuwar Hannu: Kai, Yaya, Allah ya saka da alheri. Na kwafe wannan duka.

Baban Yara: Ta manta zobban nan da tagulla mai sanyi ke bari a fuskar tsakiya. Ki mayar wuta ki lasa fuska ɗaya har su ɓace, ki juya ɗayar. Kada ki daɗe, siffar za ta koma ƙwallo.

Mai Tanderu: Gaskiya ne Malam, na tsallake wannan. Kuma in an yi ta dannawa a jere tagullar kan yi zafi ta fara kama gilashi. A bar ta ta huce.

Ɗan Boro: Ni dai ban ga abin da mamatsi zai yi wanda faifan girafait, wanda ake shafe gilashi mai zafi da shi a ba shi siffa, da haƙuri ba za su yi ba. Wata huɗu kacal, ki bar hannunki ya koyi siffa tukuna. Duk masu mamatsi tsakiyarsu iri ɗaya ce, kamar daga inji.

Anti Shuɗi: To, an zo wurin. Ɗan Boro, kawo mana lentil goma masu girma ɗaya da faifanka mu gani.

Ɗan Boro: Anti, ni ba na yin goma iri ɗaya, shi ne maganar ai.

Anti Shuɗi: Wadda ta ba da aikin 'yan kunne kuwa biyu iri ɗaya take so. Ba za ta sa babba a dama ƙarami a hagu don a ce hannu ne ya yi ba.

Malamin Zane: Matse gilashi a cikin gurbi ai tsohuwar sana'a ce. Mutanen Bohemiya, wajen Jablonec a ƙasar Cek, sun fi shekara 150 suna matse tsakiya da awartaki mai gurbi. Nasu ma ba a tsinke ake naɗawa ba, allura ce ke huda ramin lokacin matsar. Namu kuwa sai ka naɗa, ka yi ado, ka daidaita yawan gilashin da idonka. Siffar waje kawai gurbin ke bayarwa.

Ɗan Boro: Malam, na ji tarihin. Ra'ayina yana nan.

Baban Yara: Kai da gilashinka boro ne, mai lamba 33, mai wuyar narkewa, kafin ka kai shi gurbi ya sandare. Shi ya sa kake jin haushinmu.

Ɗan Boro: Hahaha, Baba, akwai masu matse boro ma, wuta ce dai sai ta ishe shi.

Shugabar Zaure: A yi a hankali dai, baiwar Allah tambaya ta yi.

Hajiya Mai Sarƙa: Ni wata tambayar ce da ni. 'Yata, kina da tanderu kuwa?

Sabuwar Hannu: A'a Hajiya. Bargon zafi nake sa su a ciki, wani lokacin bamikulait, ɓarɓashin ma'adinin nan mai riƙe zafi.

Hajiya Mai Sarƙa: To tsaya. Zagayayya ƙarama tana iya tsira a bargo. Lentil kuwa gefenta siriri ne, cikinta mai kauri, ga tagulla ta zuƙe mata zafi lokaci guda. Za ki buɗe bargo ki tarar ta rabe biyu daidai kan layin tsinke. Wadda ba ta rabe ba ma raunin yana ɓoye a cikinta, wata rana a wuyan mai ita za ta fashe. Bargo rage saurin hucewa kawai yake yi. Gilashin 104 yana son ya zauna a tanderu wajen digiri 510 a ma'aunin Salsiyas, kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan a sauke zafin sannu a hankali. Da ni ce, kuɗin mamatsin zan ajiye in fara tarin na tanderu.

Mai Tanderu: Hajiya ta faɗi gaskiya. Amma tana iya tara waɗanda suka tsira ta kai wa mai tanderu a gasa su gaba ɗaya, a fara daga sanyi a hau a hankali. Kafin ki sa a bargon kuma ki zagaya tsakiyar duka a ƙarshen harshen wuta ta ɗauki zafi ko'ina.

Anti Shuɗi: Kuma ki sauka zuwa tsinke 1.6 in ƙananan lentil za ki yi, gilashin da ke rufe ramin zai fi kauri.

Baban Yara: 1.6 yana lanƙwashewa a hannun sabo. Ta zauna a 2.4 ɗinta, kwarin yawancin mamatsai ma yana ɗaukarsa.

Anti Shuɗi: Yana lanƙwashewa ne in an bar shi ya yi ja a wuta, Malam.

Mai Kore: Tunda an taru, wa ya san dalilin da gilashi mai ruwan hauren giwa ke yin baƙin layi duk inda ya taɓa shuɗin turkuwas? Jiya ya ɓata min guda uku.

Malamin Zane: Sulfa ce a cikin na hauren, jan ƙarfe a cikin shuɗin, in sun haɗu a wuta sai su yi baƙi. Wasu da gangan suke nemansa. In ba ka so, sa siririn gilashi garau a tsakaninsu.

Mai Kore: Madalla. Yau da dare zan gwada.

Sabuwar Hannu: To yanzu in sayi lentil ɗin ko in jira tanderu?

Baban Yara: Lentil.

Hajiya Mai Sarƙa: Tanderu, 'yata.

Ɗan Boro: Faifan girafait.

Anti Shuɗi: Mai Kore, in ka gwada ka turo hoto, ina son ganin ko garau ɗin bai mamaye shuɗin ba.