Furta Zunubi: Shawarwarin da Aka Bayar

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda Kirista zai furta zunubinsa, shawarar da ta fi yawa ita ce mutum ya kira zunubinsa da sunansa. "Ubangiji, ka gafarta mini duk laifofina" addu'a ce mai kyau, amma wanda ya ce "na yi wa matata ƙarya jiya" ya fi kusa da tuba. An kawo misalin Dawuda a Zabura 32: da ya yi shiru, jikinsa ya ƙare da nishi, sai da ya furta ya sami sauƙi.

An ɗan yi saɓani kan wanda za a furta wa. 'Yan Katolika suna zuwa wurin fada, wato firist, tun 1215 ma aka wajabta musu yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara. Sauran suka jingina da Yakubu 5:16, inda aka ce mu furta wa juna zunubanmu, suka ce a nemi dattijo mai riƙe amana, domin ba kowa ake bai wa sirri ba.

Abin da na fi riƙewa shi ne gyara ɓarna. Zakka, mai karɓar harajin nan da ya sadu da Yesu, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. In ka ci kuɗin wani, ka je ka biya shi, ka roƙe shi gafara ido da ido.