Gyaran tsohuwar tirelar Airstream da zaɓen motar da za ta ja ta

Masu gyaran tsofaffin tirelolin kwana (ƙananan gidaje masu taya da mota ke ja) na kamfanin Airstream a Amurka, irin na shekarun 1960 da 1970, bakinsu ya zo ɗaya: kada ƙyallin jiki ya ruɗe ka. Alminiyam ɗin da aka yi jikin tirelar da shi ba ya tsatsa, amma shasin ƙarfen da ke ƙasa yana yi, ruwan da ke yoyo ta taga kuma yakan ruɓar da katakon daɓe a ɓoye. Ka tattaka bakin ƙofa da wajen banɗaki. Inda ka ji ya lotsa, nan aikin yake. A toshe yoyo tukuna, fenti ya jira. Tayar da ta haura shekara shida a canja ta, ko zanenta bai cinye ba.

A kan motar ja aka fi jayayya. Shawarar da ta fi kwanta mini: a gama gyara, a loda kaya da ruwa, a hau sikeli, sannan a sayi mota. Kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirelar kan ƙugiyar motar yake sauka, kuma yana cikin lodin da takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ta ƙayyade wa motar. Da yawa ba sa wuce kashi 80 na ƙarfin jan motar, saboda hawan tudu.